Mutumin da Ya Rubuta Sunayenmu

Akwatin ƙarfe ne kore, irin wanda alhazai ke dawowa da shi, ya yi shekaru a ƙarƙashin gadon kakata ba wanda ya taɓa buɗe shi. Ranar da na ɗaga murfinsa, kafin idona ya ga komai, warin busasshen ganyen darbejiya ya bugi hancina, haɗe da na tsohuwar takarda. Haka mai akwatin yake yi wa littattafansa, yana zuba musu ganyen tsakanin shafi da shafi don kada gara ta ci. Nan take na koma yarinya 'yar shekara bakwai, zaune a kan buhun dawa a rumfarsa, ina kaɗa ƙafa, ina jiran ya gama kurɓar jabana, gahawar nan tamu, ya buɗe littafi.

Wan kakata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Duk ƙauyen Ustaz suke ce masa. Ni kuwa mijina nake ce masa, irin wasan nan na jika da kaka, shi kuma yana kirana uwargida, wai don na cika bincike da ƙorafi. Bai yi ƙarya ba. Da zargi aka haife ni, a wurin mahaifina na gada. Kuma bari in gaya maka tun yanzu abin da na buɗe akwatin nan nema, don kada ka ɗauka kewar tsoho ce ta kai ni: so nake in san ko mutumin nan ne ya miƙa sunan mahaifina ga waɗanda suka tafi da shi ba su dawo da shi ba.

Ƙauyenmu yana bakin kogi, tsakanin Abu Hujar da Damazin. Da damina ruwan yakan taso ja wur, ya kawo itatuwa da mushen awaki daga can sama, in ya janye ya bar mana laka mai taushi mu shuka albasa da kuɓewa. Da kaka rabin gari kan ɗaure kaya a tafi Jazira tsinkar auduga, a dawo da tsagaggun yatsu da sabuwar atamfa. Kakanninmu daga yamma suka taso da niyyar hajji, suka yada zango a nan, zangon da har yau ba a tashi ba. Wannan labarin ne Ustaz ya mayar littafi, aka buga masa a Wad Madani, da Larabci. Shi ne kaɗai littafin da na taɓa gani wanda mutanen cikinsa ke cin tuwon dawa suna faɗa irin namu.

Bayan la'asar yakan zauna a rumfa ya juya mana shi da Hausa. Maza a kan tabarma, mata a bayan zana suna tsinke ganye, kowa ya yi tsit. A cikin littafin akwai wani jaki mai taurin kai wanda ya ƙi shiga kwalekwale, aka yi duka, aka yi lallashi, aka karanta masa duk addu'ar da aka sani, ya kafe ƙafa. Shi ya sa ayarin ya ce a kwana, daga kwana aka yi shuka, daga shuka aka yi aure. In Ustaz ya zo wurin nan sai ya sauke tabarau ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce to ga asalinku nan, jikokin masu jaki. Tsofaffi su yi ta dariya har da share hawaye. Na ƙaunaci mutumin nan ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba.

Sai ka fahimci yadda muke da suna a lokacin, in ba haka ba sauran labarin ba zai shige ka ba. A ƙauyenmu ba a kiran mutum da sunansa na yanka. Ana raɗa masa shi ranar suna, a yanka rago, shi ke nan a naɗe a ajiye. Abin da za a kira ka da shi har ka mutu laƙabi ne: na ranar da aka haife ka, ko na amfanin gonar da ake girbi, ko na wani abin da ka yi kana rarrafe. Mace ba ta faɗin sunan mijinta. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari ko da wuƙa a wuya. Mahaifina ɗan fari ne, don haka kakata ba ta taɓa kiransa da komai ba sai “wancan”. Wancan ya ci abinci? Ku gaya wa wancan saniya ta kwance. Mijinta kuwa baƙo ne, shi kaɗai ya zo daga wajen Jazira, ya rasu mahaifina na goye. Jerin sunayen iyayensa ba wanda ya riƙe a garin sai ita da ɗanta.

Ita kuma hukuma ba ta san laƙabi ba. In kana son jinsiyya, takardar nan da ke shaida kai ɗan ƙasa ne, sai ka kawo sunanka da na ubanka da na kakanka da na uban kakanka, huɗu cif. Ba jinsiyya, ba jarrabawar fita firamare, ba a rubuta maka gona, in an tare lori a hanya kai ne za a sauke a ce ka faɗi inda ka fito. Mun sha wannan wulaƙancin. Ustaz ne ya ce ya isa haka. Wani rani ya sayi kundi mai baƙin bango, ya fara bin gari gida gida, daga bakin kogi ya nufi masallaci, kowane gida da shafinsa da lambarsa, yana rubuta sunayen yanka don ya kai birni a yi wa kowa takarda.

Mahaifina ya ƙi. Ya ce wanda ya rubuta sunanka ya riƙe igiyarka, shi kuma ba akuya ba ne. Ustaz ya zo sau uku, sau uku yana komawa da shafinmu fari fat. A zuwa na huɗu sai ya daidaici lokacin da mahaifina ke gona. Ina tsakar gida ina ɓarar gyaɗa, ina jin su. Bai yi wa kakata dogon wa'azi ba, ni ya nuna da alƙalami. Ya ce yarinyar nan tana da kai, amma in ubanta ba shi da takarda, ƙarshen karatunta aji shida. Can sai kakata ta juya fuskarta ga bango, ta ja mayafi ta rufe baki, ta faɗi sunayen nan huɗu a jere, sau ɗaya, na ɗanta da na mijinta a ciki. Ban ji su ba, gunaguni kawai na ji. Da ya tafi ta ɗebi ruwa ta kurkure baki, yinin ranar ba ta ci abinci ba.

Takardu suka zo bayan shekara. Gaskiya ɗaya ce, garin ya amfana. Yara suka zauna jarrabawa, aka rubuta gonaki, mutane suka shiga lori ba faɗuwar gaba. Aka yi wa Ustaz walima. Mahaifina ya karɓi tasa takardar ya duba gaba da baya, ya dubi uwarsa, ta sunkuyar da kai. Ya soke takardar a cikin jinka.

Sai yaƙi ya matso. Da can labarinsa muke ji a rediyo, abin mutanen nesa. Sannu a hankali muka fara ganin motocin masu kaki suna wucewa kudu, suna dawowa a rufe. A wannan tsakanin aka kira Ustaz birni, aka ba shi aikin rubutu a wata 'yar jarida da ake rabawa kyauta a kasuwanni. Ya sami ɗaki da tebur da farar jallabiya mai guga. Kafin ya tafi ya tura 'ya'yansa maza biyu Wad Madani wurin wani abokinsa, wai karatu. Ba lokacin buɗe makaranta ba ne, mahaifina ya lura da haka, ya faɗa a gaban mutane. Aka ce da shi kai dai ba ka rabo da zargi.

Farkon damina ne, da hantsi, an yi ruwa an fita shuka. Ƙasa na ƙamshi, muna bin manya a baya muna rufe rami da diddige. Lori ya tsaya a bakin gonaki, aka tara maza a gindin tsamiya. Wani mai kaki ya zaro takarda ya fara kira. Da farko ba wanda ya motsa, mutane sai waige-waige suke, don sunayen baƙi ne a kunnenmu. Maƙwabcinka na shekara talatin, ba ka san sunan da ake kira nasa ne ba sai ka ga ya ajiye fartanya. Haka suka riƙa fita ɗaya ɗaya, su goma sha ɗaya. Da aka kira na bakwai na ga kakata ta dafe ƙirji, kafin ma mahaifina ya motsa. Ya miƙa mini ƙwaryar iri, ya ce in ƙarasa layin. Da zai hau lori ya juyo ya ce wa mutanen gindin tsamiya, ba da ƙarfi ba:

“Da ɗan gari akan ci gari.”

Huɗu ne suka dawo, bayan shekaru. Mahaifina ba ya cikinsu. Ba gawa, ba kabari, sai wata takarda da aka aiko da sunayen nan huɗu a kai, nasa da na iyayensa.

Abin da ba wanda ke musu a kansa shi ne jaridar. Bayan tafiyarsu da mako biyu shugaban makarantarmu ya kawo ta daga kasuwa, ya karanta a ƙofar masallaci. Ustaz ne ya rubuta, da sunansa a ƙasa. Ya ce samarin ƙauyenmu da kansu suka ajiye fartanya suka roƙi a tafi da su, iyaye mata na guɗa. Ya ce ta haka muka nuna mu ba baƙi ba ne a ƙasar nan. Rubutun ya yi kyau, abin haushin ke nan, da irin daɗin bakin da ya ba da labarin jaki ya rubuta shi. Ni ina wurin, ban ji guɗa ba. Bai tsaya nan ba, ya yi ta rubuta irinsa har yaƙin ya lafa.

Daga nan gari ya rabu biyu, kuma har yau bai haɗu ba. Wasu suka ce sunayen daga ofishin takardu aka kwaso su, Ustaz ba shi da hannu, jaridar kuwa wuya ce ta sa, wanda ke cikin bakin kada ba ya zaɓen magana. Suka ce in ba don shi ba da har yanzu ana sauke mu daga lori. Wasu suka ce to 'ya'yansa fa? Su ma suna da takardu, shekarunsu sun kai, me ya sa mai kaki bai kira su ba? Masu kare shi su ce sa'a ce. Masu zargi su ce ruwa ba ya tsami banza. Aure ya mutu a kan maganar nan, an daina gaisawa a kanta, amma ba wanda ya taɓa ganin hujja da idonsa.

Da jaridar ta mutu sai ya dawo, ya rame, matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun tsallaka teku neman aiki. Kakata ta share masa ɗakin da ke kusa da turken awaki. Safe da yamma tana aika masa tuwo, tana wanke masa kaya, in ya yi zazzaɓi ita ke dafa masa jiƙo. In an yi mata magana ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Amma na lura da abu biyu, don ni ba abin da ke wuce ni. Ba ta ƙara ce masa Yaya ba, Ustaz take ce masa kamar kowane baƙo. Kuma ba ta ƙara zama a tabarmar da yake zaune ba. Akwai wani ƙaramin abu na uku da ban ba shi muhimmanci ba a lokacin. Kakata mai ɗinkin hula ce, a da tana da gwangwanin allura da reza a ciki kullum. Tun shekarar lori ta daina sayen reza, da haƙori take tsinke zare. Muna yi mata tsiya muna cewa rowa ce.

Ni kuwa na sa masa ido. In ya yi dariya in ce ta munafunci ce, in ya yi shiru in ce alhaki ne. In ya ba ni alewa in karɓa in ba akuya. Da azumi, lokacin da maza ke fito da abinci waje a yi buɗa-baki tare, ina leƙe ta katanga ina ƙirga waɗanda suka sa hannu a kwanon da ya sa, da waɗanda suka ja jiki. Ina 'yar shekara goma sha biyar na kasa daurewa. Na same shi a rumfa yana zuba wa littattafai sabon ganye, na tsaya a kansa ko sallama ban yi ba, na tambaye shi ko shi ya ba da sunan babana. Ya daɗe yana juya ganye a hannu.

“Uwargida,” ya ce, “takarda ba ta da ƙafa, amma tafiya takai. In kin girma kya gane.”

Na ce masa ni ba uwargidansa ba ce. Ban ƙara shiga rumfarsa ba har ya mutu. Amma da takardar da ya samo na zauna jarrabawa, da ita na shiga jami'a a Wad Madani, da ita na zama malamar makaranta. Duk lokacin da na rubuta cikakken sunana a kan fom sai in tuna saboda ni aka faɗi sunan nan a jikin bango. Wannan ya fi komai cina, na kuma ji haushinsa da ya sa ba zan iya tsanarsa da zuciya ɗaya ba.

Yaƙin nan na yanzu ne ya koro mu daga Wad Madani, ni da 'ya'yana, muka dawo ɗakin kakata. Ta haura tamanin, ido ya yi rauni, amma kunne da baki lafiya lau. Na tarar da samarin gari, waɗanda Larabci ya fi musu sauƙi a baki, sun gyara wani tsohon ɗakin ajiya sun mayar da shi ɗakin karatu don yaran da makarantunsu suka rufe. Suna so su rubuta sunan Ustaz a saman ƙofa. Shugabansu, wani mai ladabi da gilashi, ya zo neman takardun marigayi da kuma amincewar gidanmu. Da ya ga na ɗaure fuska sai ya ciro waya ya ba ni labarin wata ƙasa a Turai, Silobakiya, inda aka yi wani marubuci da ya rubuta rayuwar ƙauyawansu da kyau, sannan a lokacin babban yaƙi ya sa alƙalaminsa a hidimar masu mulkin zalunci. Ya ce har yau suna jayayya a kansa, amma ba su daina karanta littattafansa ba.

“Ya Ustaza,” ya ce mini, “littafi daban, mutum daban. Halas, abin ya wuce.”

Na ce masa ya tambayi mutanen can ko ya wuce a gidajen da aka ɗauki mutum. Ya mayar da wayar aljihu. Kakata na kan gado tana jin mu. Da ya fita sai ta kwance wani ɗan makulli daga bakin zanenta ta jefo mini.

“Ke ka karatu,” ta ce. “Buɗe ki duba.”

Shi ne na jawo akwatin tsakar gida, da hantsi, kaji na kewaye ni. A sama jaridun ne, a ɗaure da zare, ya adana su duka, ban san ko don alfahari ko don azabtar da kai ba. A ƙasa akwai littafin jaki da rubutun hannunsa. A can ƙarshe, naɗe cikin tsumma, kundin mai baƙin bango.

Na bi shi shafi shafi, daga bakin kogi zuwa masallaci, kamar ina tafiya a garin yarintata. A kowane shafi akwai hatimi mai ruwan shuni, ba irin na ofishin takardu ba, wanda na sani sarai don yana kan jinsiyyata. A gefen sunaye goma sha ɗaya an yi alama da jan fensir. Na tsaya a kan namu. Na duba alamar da kyau, na gwada ta da gyare-gyarensa a cikin littafin jaki. Ba hannunsa ba ne, shi daga ƙasa yake jan layi, wannan daga sama aka ja. Ba shi ya zaɓe su ba. Wallahi sai da na ji sanyi a raina, na ji ina son in tashi in je kabarinsa in nemi gafara.

Sai halina ya motsa, na ce bari in ga shafin gidansa. Gidansa na tsakanin na liman da na mai gyaran keke. Na liman lamba ashirin da shida, na mai keke ashirin da takwas. Tsakaninsu ba komai sai wani siririn gefen takarda, an yanke shi tsaf, miƙe, ba yaga ba ce. Na juya zuwa ƙarshen kundin. Ga gidansa nan an sake rubutawa da hannunsa: shi, da matarsa, da 'ya'yansa mata uku. Ba namiji ko ɗaya. Kuma hatimin nan mai ruwan shuni yana kan wannan shafin ma. Wato sai da ya cire nasa, sannan ya kai wa masu kaki namu.

Ban san tsawon zaman da na yi a wurin ba. Muryar kakata ce ta dawo da ni.

“Mi kig gani?”

Na yi niyyar in ce ba komai. Tsohuwa ce, ɗan'uwanta ne, me zan ƙara mata? Na fara kame-kame, na ce alamar ba hannunsa ba ce. Ta ce ta san wannan, ba shi take tambaya ba. Ta ce in duba tsakanin gidan liman da na mai keke.

“Ni nib ba shi rezar,” ta ce.

Ta ba ni labarin tana kallon bango, kamar waccan ranar. Ana gobe zai tafi birni ya zo yi mata sallama da kundin a hammata. Ya zauna a kan tabarmarta, ya ce tawada ta zube masa a wani shafi, ta ara masa reza. Ta buɗe gwangwani ta ba shi sabuwa fil, a cikin takardarta. A gabanta ya yanke, ya ninke shafin ya sa aljihu, ya mayar mata da rezar, ya sha furar da ta dama masa. Ita ba ta iya karatu ba, amma ta ga shafin, ba tawadar da ta zube a kai. Ba ta gane ba sai ranar lori, da aka gama kira ba a kira nasa ba.

Na tambaye ta me ya sa ba ta taɓa faɗa ba. Ta ce in ta faɗa kashe shi za a yi, kuma nono ɗaya suka sha. Ta ce ita ma da bakinta ta ba da sunan, wa za ta kai ƙara? Ta shafa gwiwarta.

“Ban ce shi yi faɗa da masu bindiga ba, tsoro halitta na. Amma rezag ga sabuwa ta, ɗiyata. Da ta yanke shafi biyu.”

Na yi kuka a ranar irin wanda ban yi ba ina 'yar shekara goma. Ita ba ta yi ba, ta ce nata ya ƙare tuntuni.

Da samarin suka dawo, ita ta yanke hukunci, ba ni ba. Ni da so na yi a ƙona akwatin. Ta ce littafin jaki a ajiye shi, a karanta wa yara, don shi ya gaya mana ko mu su wane ne. Ta ce kundin ma a ajiye a kusa da shi, a buɗe a inda aka yanke, kowa ya gani da idonsa. Sunansa kuwa a rubuta, amma ba a saman ƙofa ba. A rubuta na mutum bakwai da ba su dawo ba a jikin bango, nasa a ƙasansu. Wasu dattawa suka ji haushi, suka ce tonon asirin mamaci ne, har yau akwai wanda ba ya amsa gaisuwata.

Ranar da za a yi rubutun ta ce a kai ta. Na riƙe ta muka tafi a hankali. Mai fenti ya gama shida ya juyo gare ni in ba shi na bakwai, na buɗe baki, ta matse hannuna. A gaban maza, fuskarta a buɗe, ba mayafi a baki, ta faɗi sunan ɗanta na fari, da na mijinta, da na ubansa, da na kakansa, ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi yadda na ƙarshen layi zai ji. Wannan ne karo na biyu a rayuwarta, kuma karo na farko da na ji sunan mahaifina daga bakin wadda ta haife shi. Ba zan rubuta maka shi a nan ba, ka yi haƙuri, ni 'yar ubana ce.

Yanzu zamani ya canja. Yara na kiran juna da sunan yanka a kan hanya, matan aure na ajiye sunan miji a waya ba kunya, masu rabon agaji na zuwa da kundi kowa na rige-rigen a rubuta shi. Ni ma nakan bayar da nawa, amma sai na tambayi inda kundin zai kwana, su yi ta kallona kamar mai taɓin hankali. Ranar Alhamis nakan zauna a ƙarƙashin bangon nan in karanta wa yara labarin jaki, in juya musu da Hausa kamar yadda yake yi. Suna dariya a daidai inda muke dariya. Ni ma nakan yi, ban kuwa yafe masa ba.

Washegarin ranar fenti, da zan tafi kasuwa, kakata ta kira ni ta ce in sayo mata reza, haƙoranta sun gaji.